Kofin Direba

Litinin, da hantsi

Gidan nan ya yi shiru har ina jin firij yana numfashi. Tun da suka tafi da Direba ba ni da wanda zan tsokana, shi ya sa na ɗauko biro. Takarda ba ta rama magana, ba daɗi, amma dai ba ta ce mini in rage surutu.

Babba, ɗanmu na fari, shi ya zo ya ɗauki ubansa zuwa babban asibitin garin da yake aiki, bayan abin da ya faru a bakin ƙofar banɗaki. Tafiyar yini guda ce a mota, hanyar kuma duk ramuka. Ni aka bari. Ƙashin kwatangwalona da aka yi wa aiki bai gama haɗewa ba, likita ya ce ko kasuwa kada in je, balle can. Ina jan ƙarfen dogarawa daga gado zuwa kujera kamar mai tura baro ba kaya.

Jikata, 'yar Babba, ta dawo wurina da zama don ta riƙa ɗaga ni tana kwantarwa. 'Yar Kwali nake ce mata. Yarinyar nan ta yi karatu har ta gaji, aka ɗauke ta aiki a wani wuri da ba abin da suke yi sai jefar da kayan mutane a ƙasa. Kamfani zai kawo musu kwalin kwalabe ko na talabijin, su ɗaga su saki, su girgiza, su danne, su ga ko abin da ke ciki zai kai inda za shi lafiya. Na ce mata tun tana rarrafe take wannan aikin a kicin ɗina, ban san akwai ofishinsa ba.

Babba ya kira. Ya ce da sauƙi. Sai dai ba ya shan komai. In nas ta kawo kofin robar asibiti sai ya kau da kai ya rufe ido. Bakin ya karkace, magana ta ƙi fita, amma kalma ɗaya yana samunta: kofi. Babba ya sayo masa sababbi kala-kala, bai ko dube su ba. Na ce ya daina wahalar da kansa, na san wanda ake nufi.

Yana can kan kantar kicin inda ya bar shi. Kofin tangaran ne, ruwan ƙasa, mummuna, da ɓantare a baki da wata siririyar tsaga daga mariƙi zuwa gindi. Tun yana tuƙin babbar mota yake shan shayi da shi. Ba ya yarda a kankare shayin da ya kama cikinsa, ba ya yarda kowa ya sa masa baki. Ni kuma shekara da shekaru ina yi masa alkawari wata rana sai na fasa shi. Amsarsa kullum ɗaya ce: ki gwada.

Talata, da yamma

Babba ba zai bar gefen gado ba, 'Yar Kwali ba za ta bar ni ba, ni kuma ba za a bar ni in fita ba. Saura motar kamfanin aika kaya, wadda ke zuwa garin ranar Juma'a kawai. Na ce to, zan naɗe shi a jarida kamar yadda nake naɗe komai tun kafin a haifi uban yarinyar nan.

Ta dube ni ta ce mu gwada tukuna. Na miƙa mata kofin, ta ja da baya kamar na miƙa mata garwashi. Wai a aikinsu ba a gwaji da ainihin kayan da ba shi da madadi. Ana neman wani mai nauyinsa da girmansa, shi zai sha wahalar.

Sai na ciro makullin kabad daga wuyana. Kofunan baƙi ne a ciki, farare masu zanen fure, waɗanda nake ajiya don manyan baƙin da har yau ba su zo ba. Direba ya sha cewa in ya mutu ma ba zan fito da su ba. Yau sun fito.

Na naɗe ɗaya a jarida, na sa a kwalin takalmi, na ɗaure da igiya, na yi masa ƙulli irin nawa da ba a kwancewa sai da wuƙa. 'Yar Kwali ta tsaya a baranda, ta ɗaga shi daidai ƙugunta, ta buɗe hannu. Ba ta jefa ba, saki kawai ta yi.

Ƙarar ba ta da yawa. Wani ɗan ƙas. Da muka buɗe, fure ɗaya ya zama huɗu.

Na ce laifin simintin ne. Ta ce can ma siminti ne, Kaka.

Laraba, da rana

Babba ya ce da sauƙi. Ta jijiya ake sa masa ruwa.

Alhamis, da hantsi

Jiya 'Yar Kwali ta dawo daga aiki da kaya niƙi-niƙi: kwalaye masu kauri, soso, salatif, da wata leda mai ƙuraje da in ka matsa take fashewa. Na zauna ina fasa su ɗaya-ɗaya har ta ƙwace, ta ce kayan aiki ne ba abin wasan tsofaffi ba.

Na koyi abubuwa. Kwali yana da fuska, yana da gefe, yana da kusurwa, kowanne da faɗuwarsa. Kusurwa ce muguwa. Kofi kuma ba a son ya yi motsi a ciki, ba a son ya taɓa bango, kuma ba a son a matse shi har ya rasa inda zai numfasa. Na ce wannan ai renon miji take koya mini, ta makara.

Ita da takardu ta san yadda ake jefar da kaya, ni da kunne na sani. Direba ya ba ni labarin 'yan dako tun muna da ƙarfinmu. Ya ce in an rubuta a kwali a yi hankali, sai wani ya ce wa ɗan'uwansa cafe, ya wurgo daga saman mota. Ya ce ya taɓa kai madubai wani gari, da aka buɗe sai kowa a garin ya samu nasa ɗan guntu. Ƙarya yake yi, amma ya iya. In yana ba da labarin yana riƙe da kofin, babban yatsansa a kan ɓantaren, yana shafawa.

Ta nuna mini wani abu kuma. Ɗan manne ne kamar tambarin wasiƙa, da siririn bututu fari a tsakiya. Ana liƙa shi a jikin kwali. In kwalin ya sha mugun bugu a hanya sai bututun ya yi ja, kuma ba ya komawa. Ko direba ya rantse bai yar ba, abin zai tona. Na ce ta ba ni ɗaya. Na liƙa a jikin makullin kabad ɗin da ke rataye a ƙirjina, na ce in ta yar da ni wajen ɗagawa ina da shaida.

Ta yi dariya. Tun da ta zo ban ji ta yi ba sai yau.

Kofi na biyu ya tsira a fuska da gefe. A kusurwa mariƙinsa ya cire.

Juma'a, da yamma

Mota ta tafi. Kofin yana kan kantar kicin.

Da safe 'Yar Kwali ta ce ta gyara wajen mariƙin, ta cusa soso, yanzu ya isa, mu haɗa na gaske ta kai kafin ta wuce aiki. Na ce ba mu gwada gyaran ba. Ta ce ta san zai yi. Na ce ai ni ma na san jaridata za ta yi.

Babba ya kira ya ce, "Mama, don Allah ku naɗe shi a tsumma ku aiko haka nan."

Na ce masa in ya isa a fashe, ubanka zai buɗe ido ya ga guntaye, ya ce matar nan ta jira sai da na kwanta ta cika alkawarinta. Kuma ba shi da bakin da zai zage ni in rama. Babba ya ce bari ya kara wa uban wayar a kunne.

Na ce, Direba, ka bar ni da mota ba birki. Na ce kofinka yana hannuna, ka yi maza ka tashi ko in dasa albasa a ciki. Na jira ya ce ki gwada.

Numfashi nake ji. Yana ja kamar ana jan tebur a ɗakin sama.

Babba ya karɓa ya ce ya ji, har ya motsa hannu. Ya ce da sauƙi.

Asabar, da rana

Na uku ya tsira a kusurwa. Da mun aika jiya.

Ba komai. Akwai wata Juma'ar.

Lahadi, da hantsi

'Yar Kwali ta yi kuskuren gaya mini cewa faɗuwa ba ita kaɗai ke kashe kaya ba. Akwai girgiza. Kwali zai yi yini a bayan mota yana rawar ɗari, sosan ya riƙa saki kaɗan-kaɗan, kofin ya sauko har ya taɓa ƙasa. Suna da tebur a wurin aikinsu mai kwaikwayon hanya, a ɗaure kwali a kai ya yi ta karkarwa. Tana gama faɗa ta kama bakinta.

Na ce a kai nawa. Ta ce teburin yana da layi, kwalaben wani kamfani ne a kai, sai ta roƙi shugabansu. Na ce ta roƙa.

Kafin nan na yi nawa. Ta shiga wanka, na ja ƙarfena zuwa injin wanki, na zuba zannuwan gado, na ɗora kwalin a kai na ɗaure da ɗankwali. Injin nan in ya zo matsewa sai ya yi tafiya har bakin ƙofa. Ta fito da tawul a ka ta same ni zaune a kujera ina kallon kwali yana rawa. Ta ce me nake yi. Na ce na buɗe reshe.

Ta zauna a ƙasa kusa da ƙafata, muka kalla tare har ya tsaya.

Zannuwan Direba ne. Ban lura ba sai da aka shanya. Da na sani da ban wanke ba.

Litinin, da yamma

Na zauna ina kallon kofin sai wani abu ya faɗo mini. Duk kofunan da muke jefarwa lafiyayyu ne. Nasa yana da tsaga. Abin da lafiyayye ya jure, mai tsaga ba lallai ya jure ba.

Da 'Yar Kwali ta dawo na gaya mata. Ta ajiye jaka. Daga baya ta ce gaskiya ne. Na so ta ce ƙarya ne.

Sai muka zauna yi wa kofin baƙi tsaga da gangan. Na sa ɗaya a firij ya yi sanyi, na kwara masa tafasasshen ruwa. Ya rabe biyu, ya wuce gona da iri. Na gaba na yi ta ɗan ƙwanƙwasa shi da bayan cokali a gindin mariƙi, a hankali, kamar mai tashin jariri, har na ji muryarsa ta canja. Lafiyayyen tangaran in ka buga yana waƙa. Mai tsaga amsawa kawai yake yi, ya yi shiru.

Kabad ya fara yin fili. Ashe katakon bayansa shuɗi ne, na manta.

Talata, da hantsi

Babba bai ce da sauƙi ba. Ya ce ana nan.

Talata, da yamma

Mai tsagar ya fashe a faɗuwar farko.

Laraba, da yamma

Mun yi faɗa da 'Yar Kwali. Ba zan rubuta duka ba.

Ta dawo da wani tsari, ƙaramin kwali a cikin babba, da soso a kowace kusurwa, yadda na cikin zai zama kamar yana lilo bai taɓa komai ba. Shugabansu ya ba ta teburin gobe da rana. Na ce bayan tebur sai mu gwada danniya, don na san za su ɗora masa buhu. Sai kuma ruwa, in an bar shi a waje. Ina cikin lissafi ta ajiye almakashi da ƙarfi.

"Kaka, babu kwalin da ba ya da iyaka. Ko a wurin aiki akwai inda muke tsayawa mu ce ya isa, a tura."

Na ce su kayan wasu suke turawa.

"Kwali muna da shi. Soso muna da shi. Kin san abin da ba mu da shi."

Na ce ban sani ba, kuma kada ta gaya mini a gidana. Na ce tun da ta yi karatu ta ɗauka ta fi kowa. Na faɗi wasu maganganun da ba su da amfani. Ta shiga kicin ta buɗe famfo. Yarinyar nan tun tana ƙarama in za ta yi kuka sai ta buɗe famfo, ta ɗauka ba a ji.

Da lokacin kwanciyata ya yi ta zo ta sa hannu a hammatata ta ɗaga ni kamar kullum. Idonta ya kumbura. Na ce ta yi hankali da kusurwa. Ba ta yi dariya ba, amma ta gyara mini filo sau biyu.

Kakanta ne. Shi ya koya mata keke. Ina mantawa ba ni kaɗai ba ce.

Alhamis, da yamma

Ya tsira. Ya sha tebur, ya sha faɗuwa ta fuska da gefe da kusurwa, ta dawo da shi ta buɗe a gabana. Kofin baƙi mai tsaga, tsagarsa ba ta ƙaru ba ko da gashi ɗaya.

Na ce to a cire shi a sa na Direba. Ta ce a'a, kwalin da aka yi gwaji da shi ba a tura shi. Ya riga ya ba da ƙarfinsa, ko da ido bai gani ba. Sabo ake haɗawa irinsa sak. Ta zauna tana yanka, ni ina riƙe mata salatif.

Kafin a rufe na ce ta je ta kwashe shanya. Tana fita na haɗa shayi a kofinsa, na sha. Duk zamanmu ban taɓa ba. Na juya shi na sa bakina daidai ɓantaren, inda yake sa nasa. Shayi ne kawai, ba abin da ya fi na sauran kofuna. Duk wannan rowar a kan wannan.

Na shanye. Na ɗauraye da ruwa kawai, ban kankare ba. Na goge da gefen zanena.

In ya warke zan gaya masa, in ga yadda zai yi da fuska.

Juma'a, da hantsi

Ta liƙa masa ɗan mannen nan mai bututu, fari tas. Ta rubuta sunan Babba da lambarsa. Ta rungume kwalin a ƙirji ta fita. Na ja ƙarfena har taga. Ba ta waiwayo ba, tana kallon ƙasa kada ta yi tuntuɓe.

Akwai zobe a kan kantar kicin inda kofin yake zama. Na hana ta gogewa.

Asabar, da rana

Tana dubawa a wayarta, wai ana ganin inda kaya suke. Yana wani babban sito a tsakiyar hanya, ana jiran a sauya mota. Ban san ana sauya mota ba. Sauya mota 'yan dako ke nan, sau biyu.

Babba ya ce ana nan.

Lahadi, da yamma

Yana sito.

Direba ya tsani jira a sito. Ya ce nan ne kaya ke tsufa.

Litinin, da hantsi

Ya bar sito. Babba bai ɗauki waya ba. Daga baya ya aiko wa 'yarsa saƙo, ta karanta ta sa wayar a aljihu. Na tambaya, ta ce yana gaishe ni. Saƙon ya fi gaisuwa tsawo, na gani daga inda nake.

Talata, da yamma

Ya isa.

Na sa Babba ya ba ni labarin tun daga farko, kada ya tsallake komai. Ya ce kusurwa ɗaya ta lotse kamar an taka. Bututun nan ya yi ja wur. 'Yar Kwali da ke jin mu ta dafe kai. Na ce na gaya muku, cafe.

A gefen gado ya buɗe. Ya ce ya yi ta fama da salatif har nas ta kawo almakashi. Kwali, soso, wani kwalin, leda mai ƙuraje, wata ledar. Ya ce uban ya buɗe ido yana bin hannunsu da kallo, da aka ciro kwali na biyu sai gefen bakinsa mai motsi ya ɗan ɗaga. Babba ya ce masa, aikin Mama ne. Ya lumshe ido ya buɗe.

Kofin lafiya. Tsagar tana inda take.

Na ce ya sha?

Babba ya ce ya sa masa a hannun da ke aiki. Yatsun suka kama mariƙin. Babban yatsan ya hau yana lalube har ya samu ɓantaren, ya tsaya a nan yana shafawa.

Na ce ya sha?

Ya ce, "Mama, tun ran Asabar aka sa masa roba ta hanci. Ba ya iya haɗiya."

Nas ɗin mai kirki ce. Ta zuba shayi kaɗan a kofin, ta tsoma auduga ta shafa masa a leɓe. Babba ya ce ya motsa harshe.

Ran Asabar. Waccan Juma'ar da mota ta tafi ba shi, yana haɗiya.

'Yar Kwali ta tashi ta kwashe guntayen soso daga ƙarƙashin tebur.

Laraba, da rana

Ya ƙi sakin kofin. Da shi aka juya shi, da shi aka goge masa jiki. An kara mini waya. Na ce, Direba, na sha shayi a kofinka, kuma ba daɗi. Na ce ka ji ko, na sa masa baki. Na jira.

Alhamis, da hantsi

Wayar 'Yar Kwali ce ta yi ƙara, ba tawa ba. Ta duba ta shiga kicin.

Famfo.

Asabar

A can aka yi komai. Hanya ta yi nisa.

Lahadi, da yamma

Takalma sun cika bakin ƙofa. Kowa ya shigo ya ce Allah ya ji ƙansa, ya ce mutumin kirki ne, bai da hayaniya. Ba su zauna da shi ba.

Aka zo ba mutane shayi, 'Yar Kwali ta buɗe kabad ta tsaya. Kofuna biyu suka rage, ɗaya mai tsaga. Sai da aka aro na maƙwabta. Manyan baƙin sun zo, Direba, kuma na fito da su. Ka sha kaye.

Talata, da rana

Ba na jin rubutu.

Alhamis, da yamma

Babba ya iso. Ya rame, gemunsa ya yi fari a gefe, ban san yaushe ba. Ya durƙusa ya sa kansa a gwiwata mai lafiya. Na ce ya tashi, nauyinsa ya fi na ubansa.

Ya kawo jakar. Tsohuwar jakar tafiyar Direba ce mai zif ɗin da ba ya rufewa. A but ɗin motar haya ta zo, ƙarƙashin kayan mutane, duk ramukan hanyar nan. Na ce a zazzage a kan gado. Silifas. Rediyo. Tabarau. Rigar da ya tafi da ita. Hularsa a dunƙule.

Na ɗauki hular na ji nauyi.

Babba ya ce ya rasa inda kwalin ya shiga, masu shara sun kwashe. Ya ce hankalinsa ba ya jikinsa, ya cusa kofin a hula kawai ya jefa a jaka.

Na ciro shi. Na juya. Na ɗaga wajen taga. Ɓantaren na nan, tsagar na nan, daidai inda take. Na ƙwanƙwasa da farce, ya amsa yadda ya saba.

'Yar Kwali ta karɓa ta duba ta ko'ina kamar a wurin aiki. Ta dubi hular, hula ɗaya, ba soso ba komai. Dariya ta kama ta, ta yi ta yi har ta zauna a ƙasa, daga nan ta koma wani abu. Ba ta je famfo ba wannan karon. Uban ya riƙe ta.

Ni ban yi ba. Na mayar da shi kan kantar kicin, kan zobensa.

Juma'a, da hantsi

Motar tana tafiya yau. Ba ni da abin aikawa.

'Yar Kwali ta koma aiki. Kafin ta fita ta ɗaga ni ta zaunar a kujera, makullin ya fito daga wuyan rigata. Na duba ɗan mannen da na liƙa. Na kira ta ta dawo daga bakin ƙofa.

Na ce ta gaya wa shugabansu abin nan nasu ba ya aiki. Tun ran Alhamis ɗin can yake rataye a ƙirjina, ban cire ba, kuma har yau fari ne.

Ta ce za ta gaya masa. Ta mayar mini da shi cikin riga, ta gyara wuyan, ta tafi.